Ranar da Lamine Ya Ƙi Durƙusa wa Baba

Ku matso kusa, jama'ar wannan shafi, yau bakina ya ƙi rufuwa. Mai tuƙa tuwo ta jingine muciya, mai goyo ta gyara zama. Ni ce Nana Firdausi ta Urafane, kuma wannan rubutun da kuke gani ba a salula nake danna shi ba kamar yadda na saba. A ordinater nake rubuta shi, wato kwamfuta. Ƙwarai kuwa, ordinater, a ɗakin Innata, a gidanmu da ba mu da wuta sai ta pano ɗaya mai zuƙar hasken rana a kan rufin kwano. Amma bari in soma daga farko, don na san cikinku akwai baƙi.

Ina da saurayi, sunansa Lamine, ɗan Tasawa ne, aikinsa haɗa pano da gyaran wayoyin wuta. Dogo ne siriri, mai yawan kunya, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Ina son sa, na faɗa, wadda za ta yi gulma ta yi. Matsalarmu guda ce tak, ita ce Babana, Malam Mahaman.

A gidajen ƙawayena uba ne yake matsa wa ƴa ta fito da miji. A namu gidan abin ya sha bamban. Inna ce take bina da mita safe da yamma.

"Ke Hiddausi, mi kike jira? Sa'o'inki duk sun yi ɗiya bibbiyu. Ko gidan suna na tahi, mata sai kallona suke."

Baba kuwa, da an ambaci aure sai ya ɗaure fuska tamau. Dalilinsa yayata Rahina. Da kansa yake kai ta lakkwal, makarantar boko, a bayan keke tun tana ƴar mitsitsiya, ta yi ƙoƙari har ta kai ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare. Wani ɗan Mayahi ya zo ya rantse da girman Allah zai bar ta ta ƙarasa. An ɗaura aure, ciki ya zo, goyo ya biyo baya, littattafan suka koma ƙasan akwati har gara ta ci rabonta. Tun daga nan Baba ya daina yarda da bakin saurayi. Mutanen Lamine sun aiko neman izinin zuwa gaisuwa, ya ce ba yanzu ba. Suka sake aikowa, ya ce ba yanzu ba. Kawun Lamine, wani dattijo mai zafin kai da ake kira Bube, ya ce wannan aiken na ƙarshe ne, in aka sake juyo su to ƴan mata ba su ƙare ba a Tasawa. Saƙon yana hannun Baba, bai ce e ba, bai ce a'a ba. A cikin wannan makon na zaman ɗar-ɗar abin da zan ba ku labari ya faru.

Bayan na ci bak, jarrabawar gama lise, na nemi wata makaranta da ake karatun noma da kiwo daga nesa, ta intanet, ba sai mutum ya bar gida ba. Suka ɗauke ni! Sai dai sun ce kowa ya shiga shafinsu ya tabbatar da gurbinsa, ya rubuta dalilin da ya sa yake son karatun, kuma ranar kasuwarmu da yamma za su rufe. Na gwada a salulata har na gaji, shafin sai ya fito rabi, wurin dannawar ya ɓuya. Ordinater ake so. Ni kuwa ina na ga ordinater?

Da na gaya wa Lamine, sai ya turo mini saƙo: "Kar ki damu gimbiya. Zan kawo miki wanda za ki sa a aljihu."

Na ɗauka zolaya ce. Ranar kasuwa da hantsi sai ga shi a kan babur, ya sha shadda ruwan sararin samaniya, guga ta kwanta, hula ta zauna daidai, turare kuwa tun daga zaure nake jin sa. Na san ba don ni kaɗai aka yi wannan kwalliyar ba, ko da za a yi kiciɓis da Baba ne. Ni ma ban yi sanya ba. Na ɗaura atamfata mai ganyen kore, na zizara kwalli, na zumbula hijabi ruwan ƙasa, na fita ina taku kamar ba ni ce nake leƙensa ta ɓular ƙyaure ba.

Ya zaro wani ɗan abu daga jaka ya ɗora mini a tafin hannu. Wallahi bai kai sabulun wanki girma ba. Wani koren faranti ne mai ƙananan ƙarafa, an sa shi cikin gidan roba.

"Ina ordinater ɗin?" na tambaya.

"Shi ne a hannunki."

"Lamine, kar ka maishe ni ƴar ƙauye."

Ya rufe baki da hannu yana dariya. Ya ce komai na ordinater yana kan wannan ɗan farantin, kuma cin wutarsa bai fi na salula ba, batir ɗinmu zai riƙe shi wuni guda. Abin da yake nema kawai tele, wato talabijin, da za a gani a ciki, da kilabiye na rubutu, da ɗan linzamin da ake ja da hannu, duk ya kawo sai telen.

Tele kuwa guda ce a gidanmu, tana ɗakin Inna, a kan kabad, tsakanin jeren kwanukan aurenta, an lulluɓe ta da farin saƙa kamar amarya. Wayoyinta an bi bango da su an kafe tun ranar da aka sa pano, ba ta ciruwa. Ku da kanku kun san sauran. Namiji baligi ba ya wuce zaure, balle wanda yake neman ƴar gida, balle kuma ɗakin uwar yarinya. Ko Inna ta ce ya shigo, Lamine zai gwammace ya koma Tasawa da ƙafa. Saboda haka aka raba aiki: shi a zaure yana turo saƙo, ni a ɗaki ina haɗawa.

Inna ta zauna a bakin gado ta zuba mini ido. Ba ta taɓa kiran sunan Lamine ba, kunya ba ta barin ta, sai dai "yaron nan."

"Ki hwaɗa ma yaron nan, in telena ta ƙone, shi da Allah."

Na cusa waya a bayan tele, na cusa kilabiye, na jona sharja. Wata ƴar fitila ja ta kama, koriya ta soma ƙifta ido. Sai rubutu ya dinga gudu a fuskar tele, daga nan hoto ya fito, ga ɗan kibiya yana bin hannuna duk inda na ja. Na daka tsalle har ɗankwalina ya zame.

"Ya kama! Inna, ya kama!"

"To ki bar tsalle, za ki kayar mani da kwanuka."

Na tura masa: "Ya tashi!!! Ina zan danna in shiga shafin?"

"Ki duba sama, akwai alamar duniya. Shi ne nabigater, ƙofar shiga intanet."

Na duba sama, na duba ƙasa, na duba gefe. Babu duniya babu dalilinta. Na ɗauki hoton tele na tura masa. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Pardon. Na yi wauta."

Ashe don abin ya yi sauƙin tafiya, ya zauna a Tasawa ya cire duk wani kaya mai nauyi daga ciki, garin sharar ya haɗa har da nabigater ɗin. Ya kawo mini ɗaki babu ƙofa. Na ji kamar in fita in fizge hular nan tasa, amma da na tuna fuskarsa sai dariya ta kama ni.

"Ana iya sa wani," ya rubuto. "Layi biyu ne kawai. Amma sai an ba shi intanet daga salulata."

Nan aka zo wurin. Rezo, wato sabis ɗin waya, a gidanmu yana da hali irin na akuyar maƙwabta, yana zuwa lokacin da ya ga dama. A zaure ba ya kamawa sai da ƙyar, kuma katangar ƙasa mai kauri ta hana salular Lamine isa ɗakin Inna. Ya zagaya bayan gida, ta lungun da ƴar tagar ɗakin take kallo. A ƙasa babu komai. Ya ɗora salular a kan katanga, sandar rezo ɗaya ta leƙo ta gudu. A lungun kuwa amalanken Baba yake ajiye, an ɗora hannuwansa a kan kututture. Sai na ji ƙarar katako, na leƙa ta taga, na ga ƙafafun Lamine da takalminsa sau ciki a kan amalanke, daidai fuskata.

"Ya cika!" ya raɗa. "In na miƙa hannu sama sosai, wajen gabas, sanduna duk sun cika!"

"To ka ɗaura ta a gora mana."

"Ba ta yarda. Tsohuwa ce, in ba a taɓa ta ba sai ta yi barci ta yanke."

Haka ya tsaya, hannun dama a sama, babban yatsa yana shafar salula. Rana ta bazara ta soma dukan ta har ta ɗauki zafi, sai ya cire hular nan da ya ɓata lokaci wurin karyawa, ya yi mata inuwa da hannun hagu. Inna da ta ji motsinsa a bayan bango sai ta jawo mayafi ta rufe kanta har goshi, ta juya baya, alhali ko ƙeyarta ba ya gani.

Ya riga ya turo mini layukan. Na buɗe wani baƙin allo mai fararen haruffa, na soma kwafa da yatsa ɗaya: sudo apt update. Kilabiyen ma da nasa iskancin, in na danna a sai q ta fito, sai da Lamine ya raɗo mini ta taga in dinga musanya su. Na buga. Rubutu ya zubo kamar an kwance bakin buhu. Na rubuta layi na biyu, sudo apt install, na ɗora sunan nabigater ɗin a gaba. Ya tambaye ni ko na yarda, na ce na yarda mana, tun yaushe. Sai wata lamba ta fito a ƙasa tana hawa a hankali.

"Tana hawa!" na ce.

"Alhamdu lillahi. Kar ki taɓa komi."

Ba ta yi nisa ba hannunsa ya gaji, ya ɗan sauke don ya musanya. Nan take lambar ta tsaya cak. Rezo ya gudu, kuma da ya gudu sai da muka yi ta jira har aka kira azahar bai dawo ba. Lamine ya je ya yi salla, ya dawo ya hau, muka sake bugawa. Ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta ɗan taɓa, sai ga wata akuya ta zo ta goga jiki a ƙafar amalanke, ya yi tangaɗi, rezo ya sake tsinkewa. Wannan karon jiran ya fi na farko. Inuwa ta soma karkata, ni kuwa sai leƙen rana nake ta taga, don in rana ta yi sanyi an rufe shafin, shekara ta tafi.

Da ya dawo karo na gaba, Lamine ya ce, "Ko mi za a yi, ba ni sauke hannun nan sai ya gama."

Ya kafe kamar an dasa shi. Ina kallon zufa tana bin ƙafar wandonsa, shaddar nan ta manne masa a baya. Masu dawowa daga kasuwa suna wucewa ta bakin lungu suna tsayawa kallo. Wata tsohuwa ta tambaye shi ko wata yake nema da rana tsaka. Ya ƙara miƙa hannu sama. Lambar ta wuce rabi, ta ci gaba. Inna da take cewa ba ruwanta, sai ga ta ta matso bayana tana leƙe.

"Saura nawa?"

"Kaɗan, Inna."

"Ki ba yaron nan ruwa, zai hwaɗi."

"Ba shi da hannun karɓa."

Daga nan na ji wani sauti da na sani tun ina yarinya: takun jakinmu, da ƴar gyaran muryar da Baba yake yi in zai karya kwana. Baba ne! Baba ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan la'asar. Ashe ya sayi buhunan dusa da wuri, ya zo ɗaukar amalanke.

Ku tsaya ku hango abin da ya gani. Saurayin da yake neman ƴarsa, tsaye a kan amalankensa, da takalmi, kai babu hula, hannu a sama, fuska ta wajen katangar da matan gida suke ciki. A garinmu in saurayi ya hango uban budurwa daga nesa, ko dai ya canza hanya, ko ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa tun kafin a iso. Lamine kansa, ko a kan babur yake, in ya ga Baba sai ya kashe ya sauka ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa rairayi.

Na manna fuska a taga. Na ga gwiwoyinsa sun soma lanƙwashewa da kansu, jikinsa ya riga ya san abin yi. Hannun ya ɗan yi ƙasa. Na waiga, lambar ta soma jan ƙafa. In ya sauka karatuna ya tafi, in ya tsaya aurenmu ya tafi. Na cije leɓe na rufe ido. Da na buɗe sai na ga gwiwoyin sun miƙe, hannun ya koma sama.

"Salamu alaikum," in ji Baba, da irin muryar da yake yi wa mai satar wake.

"Wa alaikumus salam, Baba. Ina wuni, Baba. An wuni lahiya, Baba." Muryarsa daga sama take saukowa kan rawanin Babana.

"Daga can ake gaida mutane a Tasawa?"

"A'a, Baba."

"To sauko."

"Ku gahwarce ni, Baba. Ba ni iyawa."

Inna ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a kan gado. "Shi ke nan," ta ce, "yaron nan ya kashe kainai." Ni kuwa hawaye suka zubo mini, kwallin da na ɓata lokaci a kansa ya bi kumatu.

"Ba ka iyawa," Baba ya maimaita. "An ɗaure ka ne?"

"Karatun Hiddausi ne, Baba. Abin da za ta shiga makarantar da shi ne ke sauka ta cikin wagga salula. In na sauke hannu sai shi yanke, kuma yau za a ruhe. Saura kaɗan. In ya gama, ku yi mani duk hukuncin da kuka ga dama."

Baba ya ɗaga kai ya dubi salular. Jaki ya kaɗa kunne. Na ga ƙafafun Baba sun matso kusa da tagar.

"Hiddausi."

"Na'am, Baba."

"Gaskiya ya hwaɗi?"

"Gaskiya ne, Baba. Tun hantsi yake nan."

"Ke kika sa shi?"

"A'a, shi ya hau da kanshi."

Sai na ga Baba ya ɗaure igiyar jaki a kututture. Ya tuɓe takalmansa ya jera su. Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa. Amalanke ya yi ƙara, ya karkata, ga ƙafafu huɗu a gaban tagata.

"Kawo," in ji Baba.

"Baba?"

"Kawo abin, na ce. Ina ake nuhwa da shi?"

"Gabas, Baba. Sama sosai."

Babana ya fi Lamine tsawo, kuma hannun da ya saba ɗaga dami bisa rumbu ba ya rawa. Ya karɓi salular can sama ba tare da ta sauko ko kaɗan ba, ya karɓi hular ma ya yi mata inuwa. Na waiga tele. Jama'a, lambar da take rarrafe tun ɗazu sai ta zabura da gudu!

"To," in ji Baba, "yanzu sauka ka gaishe ni yadda ya kamata."

Lamine ya diro. Ya fizge takalmi, ya zube a rairayi mai zafi, kansa a ƙasa. Sai ga fuskarsa daidai ƙasan tagata, jage-jage da zufa.

"Ina wuni, Baba."

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ƙarya kake, da gajiya. Ina mutanen Tasawa?"

"Suna gaishe ku, Baba." Ya ɗan ɗago. "Baba, a dinga shahwa ta da babban yatsa, kar ta yi barci."

"Salular ce mai barci?"

"Ita ce, Baba."

"Ikon Allah."

Inna ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Ni ina kuka ina dariya, ban san wanne zan bari ba. Rubutun baƙin allo ya gudu, ya gudu, sai ya tsaya, ƴar alamar jira ta koma tana ƙiftawa. Na duba sama. Ga ta nan, alamar da na nema tun hantsi. Na kai kibiya na danna. Ɗan ordinater ya yi jim kamar mai tunani, har na soma salati, sai farin shafi ya buɗe ya cika telen Inna.

Ihun da na yi, na tabbata an ji shi a kasuwa.

"Ya buɗe! Baba, ya buɗe! Lamine, ya buɗe!"

Sai da sunan ya fita na tuna a gaban wa na kira shi. Inna ta kai mini duka a cinya. Baba ya yi kamar bai ji ba.

"In sauke?" ya tambaya.

"A'a, Baba, don Allah! Yanzu zan shiga in yi rubutun."

Shafin makarantar ya fito cikakke, ga wurin dannawar da ya yi ta ɓoye mini a salula, zaune a kusurwa abinsa. Na sa sunana, na tabbatar da gurbina, na soma rubuta dalilina da yatsa ɗaya, ina farautar haruffa. Na rubuta gonar Baba, da tsutsar da take cinye mana wake a rumbu, da awakin Inna da suke mutuwa farkon damina ba mu san dalili ba. A waje kuwa aka koma karɓa-karɓa. Baba ya gaji, Lamine ya hau ya karɓa, Lamine ya gaji, Baba ya karɓa. Ina jin su sama-sama. Baba ya tambaye shi ko pano yana iya ja ruwa daga rijiya. Can kuma na ji Baba ya yi ƙasa da murya.

"Wancan na Mayahi, ko fitila bai taɓa kunna mata ba ta yi karatu."

Lamine bai amsa ba, kuma na gode masa da bai amsa ba. Da ya soma rantsuwa da alkawari, da ya ɓata komai.

Ana kiran la'asar na danna aikawa. Wani koren rubutu ya fito, an karɓa, an yi mini maraba. Na faɗa musu ta taga, muryata ta dushe. Baba ya sauko yana murza kafaɗa, ya miƙa wa Lamine salularsa da hularsa, ya sa takalmi, ya soma ɗaura jaki a amalanke kamar ba abin da ya faru. Lamine yana durƙushe yana jiran hukunci. Ni da Inna mun haɗa kai a ƴar taga, numfashi ma a hankali muke yi.

Sai da Baba ya gama ɗaure igiya, ya hau, ya ɗauki sanda, sannan ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Ka ce ma kawunka Bube ina gida ran Juma'a, bayan an sauko masallaci. Kuma in za ka zo, ka taho da doguwar dirka ka kahwa nan, ka yi ma abin ƴar rumhwa. Ba a cewa surukin Mahaman ya wuni bisa amalanke kamar mai korar tsuntsaye."

Ya kaɗa jaki ya tafi.

Surukin Mahaman! Kun ji ko? Da bakinsa! Inna ta faɗa kan gado ta danna fuska a matashi ta rangaɗa guɗa a ciki, don kar yaron nan ya ji. Lamine kuwa ya kasa tashi, yana zaune a rairayi, hannun dama ya ƙi lanƙwasuwa, yana rufe baki da na hagu. Kafin ya kai Tasawa saƙonni sun cika mini salula, rabinsu ba kalmomi ba ne, zukata ne jajaye.

Bai jira Juma'a ba, washegari ya kawo dirkar. Tana nan a bayan taga, da ƴar ƙwarya a kife a samanta, salulata a ciki. Ya kuma gano inda ake hana salula barci, bayan an gama shan wuya, na ce masa sannu da ƙoƙari. Inna ta fito da babbar rigar Baba ta Salla ta ba wanki, ta aika a sayo goro, tana yawo a tsakar gida tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ko abinci na kasa ci don murna.

Ɗazu da safe ina zaune gaban tele ina duba darasin farko, sai na ji an tsaya a bakin ƙofa. Baba ne. Bai shigo ba, ya dafa ƙyaure yana kallon ɗan koren abin da yake ƙifta ido a tsakanin kwanukan Inna. Ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zancen Juma'a zai yi, har na sunkuyar da kai.

"Hiddausi."

"Na'am, Baba."

"Wanga abin naku," ya ce, ya gyara murya, idonsa ya yi ja. "Mace mai ɗiya biyu, wadda ta daɗe da aje littahi, tana iya karatu da shi?"

Kafin in buɗe baki ya ciro salularsa daga aljihu ya miƙo mini.

"Nemo mani lambar Rahina."